Shekarar da Inna ta wanke ƙamshinta

Ran sallar layya da ta wuce ina zaune a tsakar gida ina gyaran kayan ciki, sai na ji Mutari, autana, yana yi wa amaryarsa bayanin gidanmu. Yarinyar ta tambaye shi ne me ya sa gida kamar wannan, a tsakiyar Birni, ba shi da kaskon turare ko ɗaya, alhali ta ji ana cewa kakarsa ce ta turara rabin amaren Damagaram. Shi kuwa, da bakinsa mai saurin amsa abin da bai sani ba, ya ce mata ai Baba ne ya hana, mutumin ƙauye ne, bai san darajar ƙamshi ba. Cikin dariya ya faɗa, ba da mugunta ba, haka ya taso ya ji ana faɗa. Ni dai wuƙar ce ta tsaya a hannuna. Ku 'ya'yana, tun babanku yana da rai ake jifansa da wannan magana, bai taɓa kare kansa ba, ni ma ya hana ni in kare shi. Yanzu Inna ta tafi, shi ma ya tafi, shirun da na yi masa alkawari ya ƙare. Saboda haka na ture labarin auren yayanku da na yi niyyar rubutawa a nan, zan ba ku labarin shekarar da 'yar'uwarku Ummi ta cika huɗu.

Inna, mahaifiyata, sunanta Zara, kuma turaren wuta ne sana'arta, kamar yadda yake sana'ar uwarta da kakarta. Takan jiƙa itacen sandal da hawi, ta daka kajiji, ta gasa farcen turare har ƙarninsa ya fita, ta soya su da sukari a wata babbar tukunya da ba a taɓa dafa abinci a ciki ba, sannan ta toshe a tulu ta manta da shi wata da watanni. In biki ya matso sai a kawo mata amarya. Ta kife kwando a kan kasko ta shimfiɗa kayan yarinyar a kai, ita kuma amaryar a lulluɓe ta da bargo a zaunar da ita kan hayaƙi, yau da gobe, har ƙamshin ya kama fatarta. Gidanmu ba ya rabo da mata, daga mai saye sai mai zuwa hira da sunan saye. Inna kuwa ƙamshin ya riga ya zama jikinta. In ta bi lungu ta wuce, wanda ya zo bayanta ya san Zara mai turare ta bi nan. Mace ce mai faɗa, mai kyauta, mai son a yabi aikinta a gabanta, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, ko da gishiri ne ya yi yawa a miya.

Babanku ɗan manoman Gouna ne, aka turo shi koyarwa a lakwal ɗin unguwarmu. Ban kira sunansa da ƙuruciyata ba, ba zan fara da tsufa ba. Mushe nake ce masa kamar yadda 'yan makarantarsa ke faɗa, wato malam da Faransanci. Da aka yi aurenmu mahaifina ya riga ya rasu, ni kaɗai na rage wa Inna, sai ta ce ba inda za a kai ni, ga sashe nan babu kowa. Kun san abin da ake cewa game da namijin da ya zauna gidan surukai. Ya ji duk, ya haɗiye. Tsakaninsa da Inna gaisuwa ce kawai, safe da yamma, daga nesa, kansa a ƙasa. In yana da magana ni zai ba, in tana da magana ni za ta ba, na zama kamar ɗan aike a gidan ubana. Da aka haifi mace sai ya sa mata sunan Inna don girmamawa, mu kuma muka ɓoye sunan muna ce mata Ummi. Daga ranar Inna ta mallake yarinyar. Takwara take ce mata. A bayanta Ummi ta yi wayo, a cinyarta take cin abinci, a ɗakinta take barcin rana. Duk rigar da za ta sa sai ta hau kwando tukuna, don Inna ta ce takwararta ba za ta fita gari tana warin sabulu kamar 'yar kowa ba.

Da bazarar shekarar nan Ummi ta fara wani tari marar majina. In ta yi gudu sai ta tsaya ta dafa gwiwa, ka ji ƙirjinta yana wani siririn fito. Muka ce sanyin randa ne, muka ce zafi ne, muka ce haƙori ne, duk abin da uwa ke faɗa don ta samu barci. Wata ranar Laraba da hantsi, Mushe yana lakwal, ni ina wanki, abin ya taso mata da ƙarfi. Inna ta ɗauke ta ta shige ɗaki. Abin da ta sani ta yi: ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa wani haɗi na saiwoyi da take ba masu mura, ta rungume yarinyar ta ja bargo ta rufe su biyu. Da ƙauna ta yi, wannan ko a gaban Allah zan shaida. Ni da na shiga na ɗaga bargon, sai na ga leɓen Ummi ya canza launi, idonta a waje, tana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, kuka ma ta kasa. Ban san lokacin da na fizge ta ba. Ko mayafi ban ɗauka ba, wata maƙwabciya ce ta biyo ni da nata har bakin titi.

A asibiti suka sa mata wani abu a hanci da baki, a hankali numfashin ya dawo. Aka aika lakwal Mushe ya zo da alli a hannunsa. Lokotoron, wato likitan, wani saurayi mai sanyin magana, ya ce sunan ciwon asma, wanda mu a Birni muke ce wa fuka, amma ba tarin fukan nan mai ramar da mutum ba. Ya ɗaga gefen rigar Ummi ya shinshina.

"Wa ke turare a gidanku?"

"Mahaifiyata. Sana'arta ce."

"To, Madam, yarinyar nan da hayaƙi sun raba gari. Har ƙamshin mai ƙarfi ma. In aka sake irin na yau, ban yi muku alkawarin za ku iso da ita a kan lokaci ba."

Sannan ya tambaya ko akwai mai irin ciwon a dangi, don yakan bi jini. Na ce mu dai babu. Mushe, da gaskiyarsa da ba ta san inda ake tsayawa ba, ya yi tunani ya ce yana da wani kawu a Gouna da ke tari lokacin sussuka, amma bai san ko shi ne ba. Na kawo wa Inna maganar duka, har da ta kawun, don ban iya rage saƙo ba. Tana tsaye kan turmi ta saurare ni har na gama.

"Hayaƙin da ya raini uwata, ya raine ni, ya raine ki, shi ne yau ya zama guba? Ku je ku nemi ciwonku a Gouna, inda ake shaƙar ƙaiƙayi tun daga goyo. Mu a gidan nan ƙirjinmu lafiya lau."

Da ƙarfi ta faɗa, don ya ji daga sashenmu, kuma ya ji. Kafin sati ya zagayo duk matan da ke shigowa gidan sun san cewa malamin lakwal ya kawo wa jikar Zara ciwon ƙauye, kuma yanzu yana neman ya ɗora wa turare.

A nan zan tsallaka shekaru in gaya muku abin da ni ban sani ba a lokacin. Kun san Ummi ta girma ta yi karatu a Yamai, yanzu aikinta duba jini da majina a ɗakin gwaji. Wani zuwa da ta yi hutu muna tsinkar zogale na ce mata ta faɗa mini, da Hausar da zan gane, mene ne wannan abu da ya kusa raba ni da ita. Ta ce a jikin mutum akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu tsaro. In ƙura ko hayaƙi ya shiga hanyar numfashi sai su taru a wurin su yi faɗa, wurin ya kumbura. In sun gama aikinsu, akwai umarni a cikin halittarsu cewa su mutu da kansu, jiki ya share su, hanya ta buɗe.

"Su mutu? Jikin mai rai ne ke umartar abinsa ya mutu?"

"Kullum, Mama. Yanzu haka da muke zaune ana yi a jikinki. Ba don haka ba da ba mu rayu ba."

Ta ce wannan umarni yana cikin abin da mutum ke gada daga uwa da uba, kuma ba iri ɗaya yake ga kowa ba, akwai ɗan bambanci daga gida zuwa gida. Masu bincike suna ganin a wasu mutane umarnin yakan yi nawa, sai ƙwayoyin su daɗe ba su tafi ba, hanyar ta zauna a kumbure, abu kaɗan ya taɓa ta sai ta toshe. Na ce ashe 'yan biki ne da aka gama biki suka ƙi watsewa, sun cika zaure mai gida ya rasa ta inda zai wuce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ta samu ɗalibai haka za ta koya musu. Amma ta ja mini kunne cewa ba wannan kaɗai ke kawo asma ba, abubuwa ne da yawa suke haɗuwa, masu binciken ma ba su gama ganewa ba. Wani yana ɗauke da gadon har ya mutu bai taɓa tari ba, wani kuma hayaƙin gidansu ne ke tayar masa da shi. Na tambaye ta ko ana iya sanin ta wane ɓangare ya biyo.

"Yana iya zuwa ta uwa, yana iya zuwa ta uba, yana iya haɗuwa daga duka biyun. Kuma ba laifin kowa ba ne, Mama. Ba wanda ya zaɓi abin da zai ba ɗansa."

Na ci gaba da tsinkar zogalena ban ce komai ba, don a lokacin babanku yana da rai.

Mu koma waccan shekarar. Inna ba ta yarda da maganar lokotoro a baki ba, amma washegari ta kwashe kasko da tukunya ta kai gidan Hajiya Falmata, maƙwabciyarmu, wadda ita ma tana taɓa sana'ar kuma sun yi shekaru suna gasa cikin fara'a. Can take yini tana aikinta, ta dawo da yamma. Hayaƙi ya bar gidan, Ummi ta samu sauƙi. Sai dai duk ranar da ta hau cinyar Inna ta cusa fuska a ƙirjinta yadda ta saba, ba a jimawa fiton nan zai dawo. Muka gwada sau da yawa, don ba mu so mu yarda. Ƙamshin yana cikin zanenta, yana cikin kitsonta, yana cikin katifarta da bangon ɗakinta da hayaƙin shekaru ya mayar baƙi. A ƙarshe ni da bakina na ce wa Ummi kada ta ƙara shiga ɗakin Kaka, kada ta ƙara hawa jikinta. Duk daminar nan haka suka yi ta. Ummi ta zauna a bakin ƙofar sashenmu, Inna ta zauna a bakin tata, tsakar gida a tsakaninsu. Inna ta gasa gyaɗa ta ba ni in kai mata, ta yi mata tatsuniya da ɗaga murya kamar mai talla. Wata rana ana yayyafi na ji yarinyar ta ce:

"Kaka, laifi na yi miki?"

"Wane laifi, takwara? Ƙafata ce ke ciwo, ba ta ɗaukar mutum."

"To in ta warke ki kira ni."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira la'asar. Ni kuwa na tsaya a madafa ina kuka ina cewa hayaƙin itace ne. Yaro ba ya riƙe doka, kun sani. Da na juya baya sai ta ruga ta faɗa jikin kakarta, Inna kuma hannunta ba ya iya ture ta. Sau biyu muka sake komawa asibiti a daminar.

Bayan na biyun ne Mushe ya kira ni, ya ce in zauna. Ya ce ya nemi a mayar da shi Takieta, kuma an amsa masa, in an koma lakwal bayan damina can zai fara. Za mu tafi da yara.

"Ba zan ce wa tsohuwa ta bar sana'ar uwayenta a cikin gidanta ba. Ba ni da wannan bakin, kuma ba ni da wannan hakkin. Amma 'yata zan iya ɗauka in kai ta inda za ta yi numfashi."

"Inna fa? Wa za mu bar mata?"

"Shi ne abin da ya hana ni barci, Barira. In kina da wata dabara ki faɗa mini."

Ba ni da ita. Takieta ba nisa ne da ita ba ga mai mota, amma ga tsohuwar da ba ta taɓa kwana a wajen Birni ba, kuma ba ta da kowa sai mu, daidai take da bangon duniya. Na ji haushinsa a ranar, na ji haushin Inna, na ji haushin kaina da na rasa wanda zan ba gaskiya don duk suna da ita. Da na kai mata saƙon tana tankaɗe garin kajiji a zaure. Ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce in miƙo mata faifai.

Kwana biyu suka wuce. A na uku da safe na ga almajiran sana'arta, 'yan matan da take koya wa, suna fita da tuluna ɗaya bayan ɗaya zuwa gidan Hajiya Falmata, har da waɗanda ta toshe tun bara don bukukuwan kaka. Lokacin kuwa gero ya fara nuna, iyayen amare sun riga sun kama layi. Hajiya Falmata ta shigo da mayafi a hannu.

"Zara, lafiyarki? Wannan fa dukiya ce. In ajiya ce ki ce ajiya."

"Ba ajiya ba ce. Ki turara 'ya'yan mutane da kyau, kada ki ƙona farcen yadda kika saba."

"To haɗin fa? Ai sai ki faɗa mini abin da ke ciki."

"Wannan kuma ki shinshina ki gane."

Daga nan ta buɗe akwatunanta. Zannuwan da ta tara tun aurenta, masu nauyi, waɗanda ko wanki goma ba zai raba su da ƙamshi ba, ta rarraba wa dangi da maƙwabta har ɗankwali. Ta ba da katifa da matasai. Ta kira magini ya kankare bangon ɗakinta ya sake yaɓe, ita kuma ta koma ɗan ɗakin da muke ajiye hatsi, da tabarma sabuwa. Ta aike ni kasuwa in yanko mata yadi mai arha, fari da shuɗi, irin wanda da ko kallonsa ba za ta yi ba. Sannan ta zauna kan kujera 'yar tsugune a bayan gida ta ce in tsefe mata kai. Tun ina yarinya ita ke yi mini kitso, ban taɓa sa hannu a kanta ba sai ranar. Gashin ya yi fari fiye da yadda nake zato, kuma kowane kitso na tsefe sai ƙamshin ya taso, na sandal, na miski, wanda na sani tun ina goye. Na wanke da sabulun salo, na ɗauraye, na sake. Kullum da safe sai mun yi. Tafin hannunta ya fi ba mu wahala, ta dinga dirje shi da toka da lemun tsami har fatar ta yi saɓa. In mun gama sai ta miƙo mini wuya.

"Shinshina."

"Da saura kaɗan, Inna, a bayan kunne."

"Hancinki ne ya cika tsegumi. Ƙaro ruwa."

Duk wannan ba ta ce don me take yi ba, ba ta kuma ce in roƙi Mushe ya fasa tafiya ba. Shi ma yana gani, yana ta ɗaure littattafansa a kwali. In na ce masa ka ga abin da Inna ke yi, sai ya ce ya gani, amma ƙirjin yarinya ne zai yanke hukunci, ba shi ba. Ran da ta fara fita unguwa da farin yadinta, ba kwalli, ba ƙamshi, mata suka dinga tare ta a lungu suna salati suna tambayar wa ya rasu, don a garin nan macen da ta bar turare gaba ɗaya mai takaba ce. Ta ce musu ba wanda ya rasu, kuma abin da take nema ke nan. Su kuwa da suka rasa bayani sai suka ƙirƙiro nasu: surukin nan ɗan Gouna ya ci gida, ya hana tsohuwa sana'arta. Maganar da Mutari ya maimaita ran sallah, a wannan satin aka haife ta.

Bari in faɗa muku abin da ta biya, don kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Inna ta yi shekaru da yawa bayan nan, ba ta sake kunna kasko ba. Matan da ke cika gidan suka koma gidan Hajiya Falmata, hirar ma ta bi su. Wadda da ake aiko wa da goron biki tun kafin a sa rana, ta koma sai an tuna da ita. In mun je taro nakan ga hancinta yana motsi in mace ta wuce, ta ce a hankali wannan an cika sukari, wannan hawin bai jiƙu ba, sai kuma ta kalli hannuwanta. Haɗin gidanmu da ya bi mata uku ko fiye ya tsaya a kanta, don ni ba ta gama koya mini ba, kuma bayan shekarar ba ta yarda an yi zancen ba. Har yau in na ji wani ƙamshi mai kama da nata a gidan biki sai in nemi wuri in zauna. Ina kewarsa, ba zan ɓoye muku ba.

Ana saura 'yan kwanaki a koma lakwal, wata rana bayan azahar, na shinshina wuyanta da kanta da hannuwanta ban ji komai ba sai sabulu da jikin tsohuwa. Na gaya mata. Ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a inuwar darbejiyar tsakar gida, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta gyara zane.

"Takwara, ƙafar ta warke."

Ummi ta dube ni tukuna, na gyaɗa mata kai. Ba ta ruga ba, a hankali ta taka ta je ta hau, ta cusa fuskarta a ƙirjin Inna. Ta ɗago ta ce Kaka ba ta ƙamshin Kaka. Inna ta ce ai sabuwar kaka aka sayo mata a kasuwa, tsohuwar ta ƙare. Yarinyar ta yi dariya ta koma ta kwanta. Na tsuguna kusa da su ina sauraro. Aka jima, aka ƙara jimawa. Hannun Inna yana bubbuga bayanta, har jikin yarinyar ya saki, barci ya ɗauke ta. Sai na ji shi, siririn fiton nan, can ƙasa. Na kai kunne bayan Ummi, na ji numfashinta yana shiga yana fita sumul. Na ɗago na dubi Inna. Ita ma ni take kallo.

"Nawa ne. Kada ki tashe ta."

Na san Inna tana tari, amma duk mai aikin kasko tana tari, ban taɓa kawo komai a raina ba. Kuma ban taɓa zama kusa da ita cikin shiru irin na ranar ba, ba daka, ba baƙi, ba faɗa. Ta yi maganar a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Tun ina budurwa. Uwata ta ce in rufe bakina, ba mai auren mai fuka, ba mai sayen turare a hannun mai fuka. In ya taso sai in shige bayan gida in dafa bango har ya wuce. Ita ma haka take yi, na sha ganinta. Yayyenki biyu da suka koma suna ƙanana, da wannan fiton suka tafi, kuma duk na rufe su da bargo kamar yadda na rufe wannan. Ran da kika dawo daga asibiti na san ko na wane ne. Tsoro ne ya sa na ce Gouna."

Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba don hannuwanta duka suna riƙe da yarinyar.

"Ki je ki faɗa wa mijinki ba daga gidansu ya zo ba. Ni ba ni da idon da zan faɗa masa. In ya ga tafiyar ce alheri, ya tafi, ban riƙe shi ba."

Na miƙe na juya, sai ga babanku tsaye a bakin zaure, ya dawo daga masallaci, takalmansa a hannu don zai wuce ta gabanta. Daga fuskarsa na san tun ɗazu yake wurin. Ya tako har gefen tabarmar, kusa fiye da yadda ya taɓa zuwa, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Inna, barka da rana. Ni yanzu na shigo, ban ji komai ba, kuma ba wanda zai ji."

Ya ɗan ɗaga ido ya dubi 'yarsa.

"Ta samu barci?"

"Ta samu," in ji Inna.

"To, a bar ta a nan. Zancen Takieta ya wuce."